Yadda Ake Gano Moton Stepa da Maganaɗisunsa Ya Raunana, da Yadda Ake Dawo Masa da Ƙarfi

Masu gyaran injin monogaram, firintar 3D, injin yankan leza da na CNC sun yi ta aiko da tambaya iri ɗaya. An buɗe moton stepa (moton da ke juyawa taku-taku, gwargwadon umarnin da aka ba shi) don a canza boris ko a share ƙura, an mayar da komai inda yake, amma moton ya dawo ba ƙarfi: yana tsallake taku, yana gurnani, da yatsu biyu ma sai a tsayar da shi. Mayen ƙarfen da ke ciki ne ya mutu? In shi ne, ana iya farfaɗo da shi?

Ana iyawa a wasu motocin, a wasu kuma ɓata kuɗi ne. Kafin a kai nan ma, yawancin motocin da ake ɗora wa laifin maganaɗisu lafiyarsu ƙalau, matsalar tana wani wuri. Shi ya sa rabin wannan jagorar awo ne. Kada ka tsallake shi.

Kayan awo

Mita mai auna AC da Hz, diril mai batir, fawa sufulai mai iyakance amfiya, sanda marar nauyi mai tsawon santimita 10 da za a ɗaura a kan shaf, sikelin rataye ko gorar ruwa, ƙaramin kamfas, da alinki. In kana da wani moto mai lamba iri ɗaya wanda ke aiki lafiya, ajiye shi kusa, domin ya fi kowace takarda amfani wajen kwatance.

1. Fara da abin da ba maganaɗisu ba

Duba ɗan sukurun da ke riƙe fuli a kan shaf. In ya saki, shaf yana juyawa fuli yana zamewa, kuma a ido kamar moton ne ya gaza. Ja layi da alƙalamin maka a kan shaf da fuli, ka kunna, ka ga ko layin ya rabu.

Sai amfiyar da direba, wato ɗan allon da ke ba moton wuta, ke bayarwa. A direban A4988 mai resista R100, Vref (volt ɗin da ake saita amfiya da shi) na 1.0 V yana ba da kimanin 1.25 A. A DRV8825 mai irin wannan resistar, amfiyar ninkin Vref biyu ce, wato 0.6 V ya ba da 1.2 A. Direban da ya yi zafi sosai yana yanke wuta na ɗan lokaci ya dawo, wannan ma tsallaken taku yake haifarwa.

Daga nan ka auna kwayil biyu na moton. A sanannen moton nan mai girman NEMA 17 mai lamba 17HS4401, kowane kwayil yana kusa da 1.5 Ω. Su biyun su zo kusan daidai, kuma kada mita ta nuna wata haɗuwa tsakanin waya da jikin moto. Ka riƙa lanƙwasa wayar yayin awon, musamman a bakin filogi, don wayar da ta karye a cikin roba takan haɗu ta rabu.

Gargaɗi: kada ka zare filogin moto alhali direba na da wuta. Direban yana iya ƙonewa nan take.

2. Gwajin hannu

Cire moton daga inji, wayoyinsa a rabe, ka murza shaf da yatsu. Moto mai lafiya yana yin ɗan ƙas-ƙas, kamar ana jan tasbaha mai ƙananan 'ya'ya. Yanzu haɗa wayoyi biyu na kwayil ɗaya da juna ka sake murzawa: ya kamata ya yi tauri sosai. In ƙas-ƙas ɗin ya kusa ɓacewa, kuma haɗa wayoyin bai ƙara tauri sosai ba, zargi ya fara komawa kan maganaɗisu. In kuwa shaf yana da nauyi tun wayoyi na rabe, ko dai boris ne, ko rota (sashen da ke juyawa) na gogar steta (sashen da ke tsaye), ko wasu zagaye na kwayil sun haɗe a ciki.

3. Awon da ke yanke hukunci

Moton stepa janareta ne in an juya shi, kuma wutar da yake fitarwa tana bin ƙarfin maganaɗisunsa kai tsaye. Direba, bel da fuli duk ba su da hannu a wannan awon.

Matse moton a kan benci. Kama shaf ɗinsa da bakin diril (milimita 5 ne a NEMA 17, 6.35 a yawancin NEMA 23), ka naɗa masa ɗan tef don kada ya ƙarje. Jona mita a kwayil ɗaya, ka juya a giyar diril mai sauƙi. Karanta volt na AC, sannan ka karanta Hz ba tare da ka sauya gudun ba, sai ka maimaita a kwayil na biyu.

Rotar moto mai taku 1.8° tana da haƙora 50, don haka kowane zagaye ɗaya yana ba da zango 50 na wuta. Zagaye 300 a minti ya zama 250 Hz. Kada ka wuce 400 Hz, domin mitoci masu araha suna fara ƙarya daga nan. Moto mai taku 0.9° haƙoransa 100 ne, Hz ɗinsa ninki biyu.

Raba volt da Hz. Wannan lambar ita ce shaidarka, kuma ba ta damu da ko diril ya ɗan yi sauri ko ya ɗan rage ba. Ga 17HS4401, mai ƙarfin riƙo 40 N·cm a 1.7 A, lissafi yana ba da kimanin 3.7 V a 250 Hz, wato kusan 0.015. Ga wani moton, raba ƙarfin riƙo na N·m da amfiyar da aka ninka da 1.41, ka ninka sakamakon da 22, za ka sami volt ɗin da ake sa rai a zagaye 300. Lissafin kusa-kusa ne, kwatantawa da moto mai lafiya ya fi shi.

In kwayil biyu sun faɗi daidai da juna, maganaɗisu ne, domin guda ɗaya ne ke ciyar da su duka. In ɗaya ne kawai ya faɗi, kwayil ne, sai mai riwayindin. Ragin da bai kai kashi 10 cikin ɗari ba a bar shi. Kashi 25 zuwa sama ne ke nuna asara ta gaske.

Gargaɗi: auna moton yana sanyi. Niyodimiyam, irin maganaɗisun da ke cikin motocin zamani, yana rage ƙarfi kimanin kashi 0.12 cikin ɗari a kowane digiri na zafi, amma wannan ragin yana dawowa da kansa in ya huce. Moton da aka ciro daga aiki yanzu-yanzu zai iya nuna ragin kashi 6 alhali ba abin da ya same shi.

4. Tabbatar da ƙarfin riƙo

Jera kwayil biyun a layi ɗaya, ka ba su amfiyar da aka rubuta a jikin moton daga fawa sufulai. Ga misalinmu 1.7 A ne, volt zai tsaya kusa da 5. Ɗaura sandar santimita 10 a kwance, ka rataya gora a ƙarshenta, ka riƙa zuba ruwa kaɗan-kaɗan har shaf ya kubce. Moto mai 40 N·cm ya kamata ya riƙe kusan giram 400. Wanda ya saki a giram 250 ya tabbatar da abin da mita ta faɗa. Kada gwajin ya wuce minti biyu ko uku.

5. Gano abin da ya ci ƙarfin

In ba a san sanadin ba, moton da aka gyara ko sabon da aka saya hanya ɗaya zai bi.

Na farko shi ne zare rota. A moton da ake kira haibirid, rota kofuna biyu ce ta ƙarfe masu haƙora, an goce ɗaya daga ɗaya da rabin haƙori, da zoben maganaɗisu a matse a tsakaninsu. Kofi ɗaya arewa, ɗaya kudu. Tazarar da ke tsakanin rota da steta kusan milimita 0.05 ce, ba ta kai kaurin takarda ba. Ƙarfin maganaɗisu yana fita daga kofi ɗaya, ya bi ƙarfen steta, ya koma ta ɗayan. Masana'antu da yawa sai sun gama haɗa moton suke cusa masa maganaɗisu, saboda wannan rufaffiyar hanya ce ke ba shi damar riƙe cikakken ƙarfi. Da an zare rota hanyar ta yanke, maganaɗisun ya koma yana yaƙar kansa. Alniko, irin maganaɗisun da ke cikin tsofaffin motoci, ba ya jure wannan ko na daƙiƙa ɗaya, kuma mayar da rotar ba ya dawo da abin da ya tafi. Niyodimiyam ya fi shi taurin kai nesa ba kusa ba, amma shi ma masu ƙera motocin suna hana buɗewa.

Na biyu zafi. Niyodimiyam na gama-gari an yi shi ne don aiki har zuwa 80°C, mai harafin H 120°C, mai SH 150°C. Yawancin motoci an rubuta cewa kwayil zai iya hawa digiri 80 a kan zafin ɗaki. A shagon kwano a Sakkwato ko Maiduguri cikin watan Afrilu, inda ɗaki ke haura 40°C, wannan ya kai 120°C a cikin kwayil, kuma rota a tsakiyar wannan tanda take, ba ta da inda za ta zubar da zafi sai ta shaf. Asarar da irin wannan zafi ke jawowa ba ta dawowa ko moton ya huce.

Na uku amfiyar da ta wuce kima, kamar a jona moto mai volt 3 kai tsaye a batir mai 12. Na huɗu tsatsa: in fatar nikel da ke kan niyodimiyam ta fashe danshi ya shiga, maganaɗisun yana rududdugewa ya zama gari. Wannan ba shi da magani.

6. In dole ne a buɗe

Canza boris ba ya buƙatar fitar da rota. Kwance dogayen sukurori huɗu, ka cire murfi ɗaya kawai, rota na zaune a cikin steta. Zare boris da ƙaramar fula (abin zare boris), ka sa sabo (625ZZ ne a yawancin NEMA 17), ka mayar da murfin, sannan ka juya ɗaya gefen. Lura da washa mai lanƙwasa da ke bayan boris, ta koma gefen da ta fito.

In rotar ce dole ta fito, a fara ferewa bututun ƙarfe mai laushi wanda ramin cikinsa daidai yake da na steta, mai kauri aƙalla milimita 5. A manna bakinsa da bakin steta, a tura rotar daga wannan ta shige wancan ba tare da ta sha iska a tsakani ba. Haka za a mayar da ita.

Gargaɗi: kada ka buɗe moto a bencin da aka yi gurza ko walda. Garin ƙarfe ƙwaya ɗaya ya isa ya cike tazarar 0.05. In ya manne, da tef mai danƙo ake ɗauke shi, burushi tura shi ciki kawai yake yi. Wajen rufewa, ɗaure sukurori a gicciye, kaɗan-kaɗan, kana murza shaf, har ka tabbatar ba inda yake goga.

7. Yanke shawara: gyara ko sauyawa

Don maganaɗisu ya cika, filin maganaɗisun da ya ratsa cikinsa sai ya kai kimanin 240 kA/m ga alniko, 800 ga ferayit, 2,400 ga niyodimiyam. Wato niyodimiyam yana neman ninki goma na alniko, kuma kuzarin da ake buƙata yana hawa ne da murabba'in filin. Injinan masana'antu da ke wannan aikin suna sakin dubban jul a dubban volt. Sabon NEMA 17 kuwa dala 10 zuwa 15 ne a kasuwannin intanet kafin kuɗin jigila. Moto mai jiki murabba'i na zamani, wanda galibi niyodimiyam ne, a sauya shi kawai.

Ƙananan motoci masu jikin gwangwani da ke cikin firinta da fotokwafi, masu taku 7.5° ko 15°, da irin 28BYJ-48, su ma a bar su. Zobensu yana da arewa da kudu masu yawa a jere kewaye da shi, kuma kwayil ɗaya zai share su ne gaba ɗaya.

Wanda ya cancanci wahala shi ne tsohon haibirid mai jiki zagayayye, irin na tsofaffin injinan masana'anta, wanda galibi alniko ne, musamman in shaf ɗinsa ko mazauninsa ba a samun madadinsa. Kuma sai in kana da irinsu da yawa, domin kuɗin kayan da ke ƙasa ya ninka kuɗin moto ɗaya sau da yawa.

Goga masa wani mayen ƙarfe a waje, ko cusa wuta mai yawa ta wayoyin moton kansa, ba ya dawo da komai. Kwayil ɗin moton filinsa a gicciye yake da na maganaɗisun, ƙonewa kawai zai yi.

8. Naɗa kwayil ɗin caji

Maganaɗisun haibirid a tsaye yake bin tsawon shaf, don haka kwayil ɗaya da ya kewaye moton duka, a haɗe yadda yake, shi ne abin da ake so. Ga girman moto mai faɗin milimita 57:

Yanki bututun PVC mai milimita 63, wanda moton ke shiga cikinsa, tsawon milimita 60 tsakanin fayafayan katako biyu. Naɗa zagaye 200 na wayar kofa (jan ƙarfe) mai lamba 14 a ma'aunin SWG, wato kauri milimita 2. Zagaye 28 ne a kowane hawa, hawa bakwai da ɗoriya, waya kusan mita 50, nauyi kusan kilo ɗaya da rabi. Shafa banish ko gam mai haɗi biyu a kowane hawa, domin lokacin harbi, wato sakin wutar gaba ɗaya cikin kwayil, wayoyin suna zabura, wadda ta saki kuma za ta goge fatarta. In an gama, mita ta nuna kusan 0.27 Ω.

Me ya sa ba za a tsaya a 240 kA/m ba? Ƙarfen steta yana kewaye da maganaɗisun, shi ke fara shanye filin, sai ya ƙoshi sannan saura ya ratsa tsakiya. Don haka ake neman kusan ninki uku daga waje. Amfiya 400 a zagaye 200 na wannan kwayil ɗin tana ba da kimanin 800 kA/m.

9. Haɗa ma'ajiyar wuta

Kafasita 22 masu 470 µF da 400 V ko 450 V, irin na injin walda na inbata, a jone gefe da gefe da sandunan kofa, sun ba da kusan 10,000 µF. A 300 V suna riƙe jul 450, kuma suna tura kusan 400 A cikin kwayil a milisakan 7. Wannan jinkirin yana da amfani, don harbin da ya fi haka gajarta murafun alminiyam suna tare shi.

Ana caji ta tiransifoma mai raba layi da wutar gida, sai birij mai mayar da AC zuwa DC, sai ƙwan lantarki mai zare na wat 100 a jere don rage gudu. Makunnin harbi tayirista ce (makunnin ilektoronik) mai 100 A da 1,200 V, a gefen negatif, wadda ake tayarwa da batir mai volt 9 ta resista 47 Ω da maɓalli a kan doguwar waya. Suwic na hannu narkewa zai yi ya manne. A gicciye da kwayil a sa babban dayod mai jure bugun 1,000 A, katod ɗinsa a gefen fozitif. Ba don shi ba, wutar za ta yi lilo ta cika kafasitocin a juye, su kumbura ko su fashe. Wayoyin haɗi su zama 16 mm², gajeru. A bar resista 47 kΩ mai wat 5 a jone dindindin a kan kafasitocin, da mita da ba a cirewa.

Gargaɗi: jul 450 a volt 300 yana kashe mutum, kuma yana nan a ajiye bayan an zare filogi. Wanda bai saba aiki da babbar wutar DC ba ya kai wa wanda ya saba. A rufe kafasitocin a akwatin katako, a sa tabarau, kada a yi aikin ba kowa a kusa. Mai na'urar daidaita bugun zuciya kada ya shigo ɗakin. Waya, katin ATM, agogo da sifanu su yi nisan mita biyu.

10. Gano fuska

Kawo kamfas kusa da gaban moton, ka lura da bakin allurar da ya juyo. Sannan ka ba kwayil ɗin caji, ba komai a cikinsa, amfiya 2 daga fawa sufulai, fozitif a inda fozitif na kafasita zai shiga. Bakin kwayil ɗin da ya jawo wannan bakin allurar, nan gaban moton zai fuskanta. Yi masa alama da fenti. In aka juya, harbin farko zai share ɗan ƙarfin da ya rage kafin ya fara gina sabo, kuma in wutar ba ta isa ba moton zai fito ya fi da rauni.

11. Harbi

Cire fuli da duk wata na'urar ƙidaya da ke bayan moton. Naɗe bakin kowace waya da tef daban-daban. Zura moton har tsakiyar jikinsa ya zo tsakiyar kwayil, ka tokare shi da katako ta gaba da baya, domin filin yana fizgarsa da ƙarfi.

Yi caji zuwa 150 V. Zare filogin caji kafin ka danna, in ba haka ba tayirista za ta ci gaba da zama a kunne ta wutar da ke bin ƙwan. Ja da baya, danna. Za a ji ƙara guda, kamar an buga guduma a katako. Duba mita, ka sauke ragowar wutar da resista 1 kΩ mai wat 100 na minti ɗaya, ka sake dubawa kafin hannunka ya taɓa komai.

Fitar da moton ka maimaita awon mataki na 3, ka rubuta lambar. Sake harbi a 225 V, sannan a 300 V, kana awo bayan kowanne. In lambar ta hau daga 150 zuwa 225 amma ba ta ƙara ba a 300, maganaɗisun ya cika. In har yanzu tana hawa a 300, ƙara yawan kafasita, kada ka ƙara volt. In ta faɗi, fuska ce aka juya. In kuwa ko motsi ba ta yi ba, mai yiwuwa niyodimiyam ne a ciki, ko kuma tun asali ba maganaɗisu ne matsalar ba.

12. Mayar da shi aiki

Daga yanzu kada a sake kwance sukurorin moton. Goge shaf da bakin boris da tef, don sun ɗauki ɗan maganaɗisu kuma za su riƙa jan gari. Saita direba a kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na amfiyar da ke jikin moton. Zafi yana bin murabba'in amfiya, don haka kashi 80 na wuta kashi 64 ne kawai na zafi. Kunna tsarin rage wuta lokacin tsayuwa in direban yana da shi, ka ɗaura moton a kan farantin alminiyam maimakon roba, ka sa masa fanka in cikin akwati yake. Bayan awa ɗaya na aiki ka auna zafin jikinsa, in ya haura 70°C a ƙara rage amfiya. In ya huce ka sake awon volt da Hz. Alniko yakan ɗan sauka kaɗan bayan aikin farko sannan ya tsaya, kuma wannan lambar ta biyu ita za ka rubuta a jikin moton tare da kwanan wata, don a kwatanta da ita a gyara na gaba.